Kalaman Ɗora Laifi Tsakanin Makusanta: Tambayoyi da Amsoshi

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, balle mutum biyu da kowa ya taso da halinsa. Don haka tambayoyin da ke ƙasa ba su damu da yadda za a daina saɓani ba. Sun tsaya ne kan irin maganar da ke fita daga bakinmu idan rai ya ɓaci, da abin da take yi wa zaman mata da miji, iyaye da 'ya'ya, 'yan'uwa da aminai. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuwa sai da aka zauna musu.

Me ake nufi da kalaman ɗora laifi?

Magana ce da ke barin abin da ya faru ta koma kan wanda ya yi shi. A ce miji ya yi alkawarin dawowa ƙarfe takwas, bai shigo ba sai sha ɗaya. Matar tana iya cewa, "Maigida, ka ce takwas za ka dawo, ga shi sha ɗaya ta wuce, kuma ba ka kira ba. Hankalina ya tashi." Tana kuma iya cewa, "Kai dai ba ka da alkawari, kanka kawai ka sani." Ɓacin ran ɗaya ne, dalilin ma ɗaya ne. Amma maganar farko ta tsaya kan dare guda da abin da aka yi a cikinsa, ta biyun kuwa ta yanke wa mutum hukunci ɗungurungum.

Ba ta da wuyar ganewa: "kai ka jawo", "ke ce sila", "duk laifinka ne", "dama halinki ne", "saboda kai na koma haka". Duk suna amsa tambaya ɗaya ne, wato wa za a kama. Tambayar me za a yi yanzu ba ta cikin lissafinsu.

To, idan mutum ya yi laifin da gaske fa? A yi shiru ke nan?

A'a. Wanda ya saɓa alkawari ya saɓa, kuma ya kamata ya ji. Mai haɗiye komai don gudun faɗa yana tara wa kansa ne, ranar da zai amayar kuma abin da zai fito ya fi na yau muni.

John Gottman, masanin halayyar ɗan'adam da ya shafe shekaru masu yawa a Jami'ar Washington ta Amurka yana ɗaukar hoton bidiyon ma'aurata suna tattauna matsalolinsu, ya raba ƙorafi da suka. Ƙorafi yana ambaton aiki: ga abin da aka yi, ga yadda ya taɓa ni. Suka tana ambaton hali: ga irin mutumin da kake. Ya ga ma'auratan da ke zaman lafiya ma suna ƙorafi, wani lokaci da zafi. Abubuwan da ya ce suna rushe aure huɗu ne, kuma sukan biyo juna: suka, kare kai, raini, da yin gum a toshe kunne. A cikinsu raini ne ya fi nuna cewa zama ya kusa ƙarewa. Suka ita ce ke buɗe wa sauran ƙofa.

Abin da nake gani shi ne, mutane da yawa suna ɗaukan cewa in ba su haɗa da zagin hali ba, ba a san ransu ya ɓaci ba. Alhali kuwa ƙorafin da aka tsayar kan abu guda ya fi wuyar kauce wa. Idan ka ce wa ƙaninka "ba ka da amana", ka ba shi filin musu, zai lissafo maka sau goma da ya riƙe amana. Idan ka ce "kuɗin da na ba ka ajiya ka taɓa ba ka gaya mini ba", ina zai bi?

Me ya sa da an ce wa mutum "kai ne" sai ya hau musu, ko da ya san bai kyauta ba?

Saboda abin da kunnensa ya ji ya sha bamban da abin da kake tsammanin ka faɗa. Kai kana zancen kuɗin da aka kashe ba shawara, shi ya ji an ce masa ɓarawo. Mutum yana iya yarda cewa ya yi kuskure, tunda kuskure ana gyara shi. Amma a ce shi ɗin ne ba shi da kirki tun daga tushe, wannan babu ta inda zai kama ya gyara. Abin da ya rage masa sai ƙaryatawa ko ramuwa.

A 1971 wata masaniya, Helen Block Lewis, ta fayyace bambancin ji iri biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai "na yi abin da bai dace ba", wato nadama. Akwai kuma "ni ba mutumin kirki ba ne", wato jin ƙasƙanci da muzanta (ba kunya irin ta mutunci da ake yabon mutum da ita ba). Daga baya June Tangney ta Jami'ar George Mason ta yi dogon bincike a kai, ta ga masu saurin nadama sun fi tausayawa da neman gyara, masu saurin jin ƙasƙanci kuwa sun fi fushi, ɓuya, da tura laifi kan wasu. Ka ga ke nan kalaman ɗora laifi suna tayar da ainihin jin da ke haifar da wani ɗora laifin. Shi ya sa faɗan ke zagayawa kamar ba shi da bakin fita.

Jiki ma yana da nasa rabon. Gottman da abokin aikinsa Robert Levenson sun riƙa auna bugun zuciyar ma'aurata yayin gardama. Idan bugun ya haura kusan 100 a minti ɗaya alhali mutum yana zaune, jiki ya riga ya ɗauki lamarin a matsayin hari, sauraro ya yi wuya, raha ta ɗauke, tunanin mafita ya toshe. Duk hujjar da za ka kawo a wannan hali, da bango kake magana. Shawarar da suka bayar ita ce a dakata na aƙalla minti 20, kuma a yi wani abu dabam a cikinsu. Wanda ya tafi ya zauna yana tsara amsar da zai mayar bai huta ba.

Me ya sa laifin abokin zama ya fi namu fitowa fili?

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Masana sun daɗe suna tabbatar da wannan karin magana ba tare da sun san da ita ba. A 1977 Lee Ross na Jami'ar Stanford ya raɗa wa wata ɗabi'a tamu suna: idan muka ga wani ya yi abu, sai mu danganta shi da halinsa, mu manta da yanayin da yake ciki. Idan ni na makara, na san cunkoson hanya ne ya riƙe ni. Idan kai ka makara, ba ka mutunta mutane.

A cikin aure abin ya fi tsanani. Thomas Bradbury da Frank Fincham sun tattara binciken da aka yi kan wannan a 1990, suka ga ma'auratan da zamansu ya yi tsami suna fassara kuskuren juna ta hanya guda: da gangan ne, son kai ne, halinsa ne, kuma ba zai canja ba. Abin kirki kuwa idan ya zo sai a ce dace ne, ko akwai abin da yake nema. Waɗanda zamansu ke da daɗi suna yin akasin haka.

Akwai wani binciken da ke ba ni dariya duk lokacin da na tuna shi. A 1979 Michael Ross da Fiore Sicoly a Kanada sun tambayi ma'aurata, kowa shi kaɗai, nawa ne kasonsa a ayyuka 20 na zaman gida. Da aka haɗa amsar miji da ta mata, a 16 daga ciki jimillar ta wuce abin da zai yiwu, kowa ya ba kansa fiye da rabonsa. Ba ƙarya suke yi ba. Aikin da ka yi da hannunka kana tuna shi, wanda aka yi kana barci ko kana waje ba ka gan shi ba. Saboda haka mai cewa "komai ni nake yi a gidan nan" yana faɗin abin da ya gani ne tsakaninsa da Allah, sai dai rabin labarin kawai ya gani.

Mene ne aibin "kullum" da "ba ka taɓa"?

Kusan ko da yaushe ba gaskiya ba ne, kuma wanda aka faɗa wa ya sani. "Ba ki taɓa saurarona ba" za ta jawo "jiya fa?", daga nan an bar zancen yau an koma shari'ar jiya. Sannan kalmomin suna goge duk ƙoƙarin da mutum ya taɓa yi. Wanda ya gyara sau bakwai cikin goma aka ce masa "kullum haka kake", ya koyi cewa bakwai ɗin ba a gani, to don me zai ƙara?

Ni ba na cewa "kai ne". Ina dai yin magana ne a fakaice. Shi ma laifi ne?

Sau da yawa ya fi ciwo. Harshenmu yana da wata dabara mai kyau da ake iya juya ta: lamirin "an". "An bar fitila a kunne" tana iya zama sassauci na gaske, a faɗi abin da ya faru ba a nuna kowa da yatsa ba. Amma idan mutum biyu ne kawai a ɗakin, aka faɗe ta da jan murya ana kallon sama, kowa ya san wa ake nufi. Haka "wasu dai ba su san darajar mutane ba", haka yi wa yaro faɗa da maganar da ubansa ake so ya ji, haka yabon mijin wata ko matar wani a daidai lokacin da bai dace ba.

Sharrin habaici shi ne yana soka kuma yana hana a amsa. Idan wanda aka yi dominsa ya tanka, sai a ce "na kira sunanka ne?" Idan ya yi shiru, ya haɗiye. Ba a bar masa hanyar bayani ko ta ban haƙuri ba, tunda a zahiri ba a ce ya yi komai ba.

Akwai kuma tambayar da ba amsa take nema ba: "Me ya sa kai ba ka tunani?", "Sau nawa zan gaya miki?" Akwai gori, wato a jero alherin da aka yi wa mutum don a nuna masa bai cancanta ba. Akwai tsaki da harara. Akwai gaba, kwana uku ba magana, wadda ita ma hukunci ce da aka zartar ba a karanto tuhuma ba. Duk dangi ɗaya ne.

Da gaske ne yadda aka buɗe magana shi ke nuna yadda za ta ƙare?

Akwai hujja a kai. A 1999 Sybil Carrère da Gottman sun fitar da sakamakon nazarin sababbin ma'aurata 124. An ɗauki kowanne biyu suna tattauna wani saɓani nasu na minti 15, aka bi rayuwarsu shekara 6. Abin da ya gudana a minti 3 na farko ya bambanta waɗanda suka rabu daga waɗanda suka zauna: masu rabuwa sun fi buɗewa da zafi da suka.

A yi hattara dai da yadda ake yayata irin waɗannan alƙaluma. Wasu masana sun nuna cewa ma'aunin da aka gina a kan rukuni ɗaya na ma'aurata ba ya yin daidai haka idan aka gwada shi a kan wani sabon rukuni. Babu mai kallon faɗanku na minti uku ya san makomarku. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne wanda kowa ya sani daga zamansa: maganar da aka buɗe da "wai kai wane irin mutum ne" da wuya ta rufe da fahimtar juna.

Ina magana yana shiru, shirun kuma shi ke ƙara tunzura ni. Wa ke da laifi?

Tambayar kanta ta faɗa tarkon. Wannan salo ne da Andrew Christensen na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka yi nazari sosai a kai: ɗaya yana matsawa, ɗaya yana janyewa. Mai matsawa yana cewa "da yana amsa mini da ban ɗaga murya ba". Mai janyewa yana cewa "da ba ta ɗaga murya da na amsa". Kowa yana ganin nasa martani ne, na ɗayan shi ne mafari, kuma dukansu suna da gaskiya gwargwadon inda suka fara ƙirga.

An fi ganin mata a ɓangaren matsawa, maza a ɓangaren janyewa, har Gottman ya ce kusan kashi 85 cikin 100 na masu yin gum a cikin waɗanda ya nazarta maza ne. Amma Christensen da Christopher Heavey sun gano a 1990 cewa abin yana bin wanda ke neman canji. Idan batun da ake tattaunawa miji ne ke son a canja, bambancin yakan ragu sosai. Wanda halin da ake ciki ya yi masa daidai, shiru riba ce gare shi.

Mafita tana buƙatar kowa ya saki wani abu. Mai matsawa ya rage yawa, batu ɗaya a zama ɗaya. Mai janyewa kuma, idan zai tashi, ya faɗi lokacin dawowa: "Raina ya ɓaci yanzu, ki ba ni zuwa dare mu ƙarasa." Sannan ya dawo ɗin. Idan bai dawo ba, ya koya mata cewa barinsa ya tafi asara ce, gobe ba za ta bari ba.

Shin wannan yana taɓa lafiyar jiki?

Yana taɓawa. A 2005 Janice Kiecolt-Glaser ta Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinta sun yi gwaji da ma'aurata 42. An yi musu ƙananan raunuka na bororo a hannu, aka duba saurin warkewa bayan hira ta taimakon juna, da kuma bayan hira ta saɓani. Raunin ya fi jinkirin warkewa bayan saɓani. Ma'auratan da suka fi yi wa juna baƙar magana kuwa, saurin warkewarsu kashi 60 cikin 100 ne kawai na waɗanda ba su cika yi ba.

Ana cewa a riƙa fara magana da "ni" maimakon "kai". Wannan yana aiki?

Shawarar ta samo asali ne daga Thomas Gordon, wanda ya koyar da ita ga iyaye a Amurka tun shekarun 1960. Tsarinta: ka faɗi abin da aka yi ba tare da ado ba, ka faɗi abin da ya jawo maka, ka faɗi yadda ka ji. Marshall Rosenberg ya zo da makamanciyarta mai mataki huɗu: abin da ka gani, abin da ka ji, abin da kake buƙata, sai roƙo takamaimai. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa, kuma a ganina shi ya fi amfani. A ƙarƙashin kowace suka akwai buƙatar da ba a faɗa ba. "Kullum kana kan waya" asalinta "ina so ka zauna da ni" ce, sai dai ta farkon ta fi sauƙin faɗa, don ba ta tona cewa kana buƙatar mutum.

Tana aiki, amma ba laya ba ce. Ana iya cusa zagi a cikinta a ba shi riga: "Ni dai ina jin kai mugu ne" ta fara da "ni", amma hukunci ce. Gwajin mai sauƙi ne: abin da ya biyo bayan "na ji" ya zama ji na gaske, kamar tsoro, takaici, kaɗaici ko zafi. Idan ra'ayinka ne game da halin ɗayan, ka koma gidan jiya.

Sannan kada a ɗauka masu zaman lafiya suna magana ne kamar masu karanta takarda. A 1998 Gottman da abokan aikinsa, bayan nazarin sababbin ma'aurata 130, sun ce da wuya suka ga masu jin daɗin aurensu suna bin tsararren salon "na ji ka ce kaza" a tsakiyar faɗa. Abin da suka gani shi ne buɗe magana da taushi, saurin yayyafa ruwa idan ta fara zafi, da miji mai karɓar ra'ayin matarsa. Gottman ya kuma ce a irin waɗannan gidaje, ko ana cikin saɓani, akan sami kusan abu biyar masu daɗi, kamar murmushi, gyaɗa kai ko zolaya, a kan kowane ɗaya mara daɗi. Ma'ana jimla ɗaya ba ta ɗaukar nauyin zama duka. Wanda ya saba jin godiya daga bakinka zai iya ɗaukar ƙorafinka ko da bai fito a tsare ba.

Idan ni ake ɗora wa laifin, yaya zan amsa?

Abu mafi wuya shi ne mafi amfani: ka nemo ɓangaren maganar da yake gaskiya, ko kaɗan ne, ka amsa shi tukuna. An ce maka "kai ba ka damu da kowa ba". Ba sai ka yarda da wannan ba. Amma kana iya cewa, "Gaskiya ne ban kira ba, kuma ya kamata in kira." Yawanci daga nan murya take sauka, domin mai zargi abin da yake nema shi ne alamar cewa maganarsa ta shiga.

Abin da ke hura wutar sanannu ne: "ke ma ai kin yi", "to ai ni ne mugun, shi ke nan", da dogon bayanin uzuri tun kafin a nuna an ji. Uzurinka yana iya zama sahihi, lokacinsa ne bai yi ba. Idan an huce kana da damar cewa, "Na karɓi maganar kiran, amma cewa ban damu da kowa ba ta yi mini zafi."

Tsakanin iyaye da 'ya'ya fa?

Nan nauyin ya fi yawa, domin yaro ba shi da ma'aunin da zai gwada maganarka da shi. Babba idan aka ce masa "ba ka da amfani" yana iya cewa ƙarya ne. Yaro ɗauka yake yi ya ajiye. "Ka zubar da ruwa, ɗauko tsumma ka goge" ta koya masa gyara. "Kai komai ka taɓa sai ka ɓata" ta koya masa ko shi wane ne, kuma ta koya masa ɓoye ɓarna ta gaba. Mafi nauyi ita ce a ɗora wa yaro alhakin abin da ya fi ƙarfinsa: "kai za ka kashe ni", "saboda ku nake zaune cikin wannan wahala". Akwai manya da yawa da har yau suke ɗauke da irin wannan jimla.

Ta ɗaya ɓangaren, ɗa babba da ke da ƙorafi a kan mahaifinsa ba sai ya zaɓi tsakanin rashin kunya da shiru ba. "Baba, da kuka yi maganar nan a gaban mutane na ji nauyi ƙwarai. Da za ku riƙa kirana gefe, da na fi fahimta." Girmamawa tana nan, maganar kuma ta isa.

Faɗa ta saƙon waya?

A guje shi in da hali. Rubutu ba shi da murya, mai karantawa shi ke sa masa, kuma mai ɓacin rai muryar faɗa zai sa. Justin Kruger da Nicholas Epley sun gwada wannan a 2005 da saƙon imel: masu aikawa sun zaci za a gane gatse daga magana ta gaske kusan sau 80 cikin 100, amma masu karɓa ba su wuce 56 ba, kaɗan ya fi canki-canka. Ga shi kuma saƙo yana zama, a dawo a sake karanta shi bayan wata guda a sake jin zafin.

Me ya sa muke maimaita faɗa ɗaya shekara da shekaru?

Saboda yawancin saɓanin makusanta ba irin wanda ake warwarewa a rufe ba ne. Gottman ya ƙiyasta kusan kashi 69 cikin 100 na matsalolin ma'aurata masu ɗorewa ne, sun taso daga bambancin ɗabi'a: ɗaya mai tattali ɗaya mai sakin hannu, ɗaya mai son jama'a ɗaya mai son keɓewa. Idan aka ɗauki bambanci a matsayin laifi, za a yi ta shari'ar da babu ranar yanke ta, tunda ba wanda ya yi wa wani ba daidai ba. Irin wannan sai dai a yi ta daidaitawa, bana a matsa nan, baɗi a matsa can.

Yaushe abin ya wuce matsalar iya magana?

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi mutum biyu ne da ke cutar da juna ba da niyya ba. Akwai wani yanayi dabam, inda ɗora laifi makami ne. Alamarsa: kowane ƙorafi ka kawo sai ya ƙare kai ne kake ba da haƙuri. An mare ki an ce ke kika jawo. An ƙaryata abin da ka gani da idonka har ka fara shakkar hankalinka. Kana auna kowace kalma saboda tsoro. A 1997 Jennifer Freyd ta bayyana salon da mai cutarwa ke bi idan aka tunkare shi: ya musanta, ya far wa mai ƙorafin, sannan ya juya lamarin ya zama shi aka zalunta.

A irin wannan hali, gyara kalamanki ba zai gyara komai ba, kuma kuskure ne babba a ce wa wanda ake cutarwa ya koyi tausasa harshe. Duka, barazana da tsoratarwa alhakinsu yana kan mai yin su. Abin da ake buƙata shi ne a sanar da wani amintacce, a nemi ƙwararren mai ba da shawara ko hukumar da ke kare waɗanda ake cin zarafinsu, a kuma fara da tsaron rai.

Na riga na faɗi maganar, ta fita. Yanzu fa?

Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana iya bin bayanta. Sai dai a kula, ban haƙuri ma ana cusa masa ɗora laifi: "Yi haƙuri, amma ke ma kin san ba na son a yi mini haka." Duk abin da ya zo kafin "amma" ya goge. Haka "in ranka ya ɓaci ka yi haƙuri", wadda ta mayar da matsalar ta zama ranka ne mai saurin ɓaci.

A 2016 Roy Lewicki da abokan aikinsa sun gwada sassa shida na ban haƙuri a kan mutum 755, don su ga wanne ya fi tasiri. Amsa laifi ƙarara ne ya zo na ɗaya, tayin gyara ɓarnar ya biyo baya, neman a yafe kuwa shi ya zo ƙarshe. Gwajin ba a kan ma'aurata aka yi shi ba, amma ya dace da abin da muke gani: "yi haƙuri" ita kaɗai aiki take ba wanda aka ɓata wa, shi ne zai yi haƙurin. Wadda ta fi ta ita ce mai ambaton abin da aka faɗa: "Yaya, da na ce ba ki taɓa taimakona ba, ba gaskiya na faɗa ba, kuma na san ta yi miki ciwo. Abin da ke damuna shi ne maganar jiya kawai. In kin yarda mu sake ta idan kin huce." Idan ta ce ba yanzu ba, a bar ta, a sake tuntuɓa gobe.